An sake mata Windows, takardu sun tafi: Abin da ke faruwa idan aka sauya tsarin faifan kwamfuta

A rumfunan gyaran kwamfuta na Maradi, Damagaram, Tawa da Yamai, akwai wata rigima da ke yawan maimaita kanta. Mutum kan kawo kwamfutarsa saboda ta yi nauyi, ko ƙwayar cuta ta shige ta, ko kuma ta ƙi tashi. Mai gyara ya duba, ya ce sai an sake mata Windows. Mai kaya ya tambaya ko takardunsa za su taɓu, a kwantar masa da hankali cewa in dai a ɓangaren D ya ajiye su, babu abin da zai same su, tunda ɓangaren C kaɗai za a goge. Da maraice ya dawo ya tarar kwamfuta na gudu kamar sabuwa. Sai dai da ya buɗe, babu D ɗin ma gaba ɗaya. Faifai ya koma ɓangare guda, fayau, babu komai ciki sai sabuwar Windows.

Abin da kan tafi a irin wannan rana ba ƙarami ba ne. Wani kundin kammala karatunsa ne, wanda ya shafe watanni yana rubutawa don gabatarwa a Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo, ko André Salifou, ko Djibo Hamani, ko Abdou Moumouni. Wani jadawalin bashin da yake bin abokan ciniki ne. Mai ɗaukar hoto kuwa, hotuna da bidiyon bikin mutane ne, waɗanda ya riga ya karɓi kuɗinsu, kuma ba za a sake ɗaura auren don shi ba.

Galibi babu mugunta a ciki. Mai gyaran ya gamu da wani saƙo ne a tsakiyar aiki, ya bi hanyar da ta fi sauri don ya wuce shi, hanyar kuma ta sauya tsarin faifan duka. Aikin bai fi ƴan daƙiƙoƙi ba, kuma kwamfuta ba ta tambayar ko an tabbata.

Dalilin da ya sa batun ya taso yanzu

Tun ranar 14 ga Oktoban 2025 kamfanin Microsoft ya daina bai wa Windows 10 gyare-gyaren tsaro na yau da kullum, in ban da waɗanda suka shiga wani shiri na ƙarin wa'adi da aka tsara wa ɗaiɗaikun mutane har zuwa 13 ga Oktoban 2026. Wannan ya sa masu kwamfuta da dama ke neman a saka musu Windows 11.

Ita kuwa Windows 11 tana da sharuɗɗa. Tana buƙatar aƙalla giga 4 na ƙwaƙwalwar aiki, giga 64 na wurin ajiya, da wani ɗan guntun tsaro da ake kira TPM 2.0. A ɓangaren Intel, sai injin ƙarni na takwas zuwa sama, wato waɗanda suka fara fitowa a 2017. Akwai kuma sharaɗin da ya fi shafar takardun jama'a: dole kwamfuta ta riƙa tashi ta sabuwar hanya da ake kira UEFI, wadda ta gaji tsohon tsarin BIOS. Ita kuma wannan hanya tana tafiya ne da wani salon raba faifai na daban.

Yawancin kwamfutocin da ke hannun ɗalibai da ƙananan ƴan kasuwa a ƙasar nan na hannu ne, waɗanda aka yi amfani da su a wasu ƙasashe kafin su iso. Da yawansu an sha sake musu Windows a hannun masu gyara daban-daban, kowa da irin yadda ya raba faifan. Saboda haka ba abin mamaki ba ne a samu kwamfutar da ke iya tashi da UEFI amma faifanta na kan tsohon salo.

Taswira daban, rajista daban

Abubuwa biyu ne ake yawan haɗawa a kira su da suna ɗaya, wato formataji. Don a rarrabe su, a ɗauki faifan kwamfuta, wanda masu gyara ke kira diski dur, a matsayin babban sito.

Abu na farko shi ne taswirar da ke nuna inda aka ja bango aka raba siton zuwa ɗakuna: nan ne ɗakin C ya fara, nan ya ƙare, nan D ya ɗauka. Salon wannan taswira iri biyu ne. Akwai MBR, wanda ya fito tun 1983, ba ya iya kula da faifan da ya wuce tera 2 a yawancin faifai, kuma manyan ɗakuna huɗu kawai yake iya riƙewa. Akwai kuma GPT, wanda ya zo tare da UEFI, yana ɗaukar ɗakuna har 128 a Windows, yana kuma ajiye kwafin taswirar a ƙarshen faifai ko da ta farko ta lalace.

Abu na biyu shi ne littafin rajista da ke cikin kowane ɗaki, inda ake rubuta sunan kowane kaya, girmansa, ranar da ya shigo da kuma kusurwar da aka ajiye shi. Wannan shi ne tsarin jera fayiloli, kuma shi ne ake nufi idan an ambaci FAT32, NTFS, exFAT ko ext4.

Idan aka goge ɗaki ɗaya, rajistar wannan ɗakin ce kawai aka sake, sauran ɗakuna na nan. Idan kuwa aka yaga taswirar, duk ɗakunan ne suka ɓace a lokaci guda. Mai kwamfuta da aka ce wa D ba zai taɓu ba, an yi masa maganar goge ɗaki ne, sai aiki ya ƙare a kan yaga taswira.

Ire-iren rajista da abin da kowace ke iyawa

FAT32 ta fito ne a 1996 tare da wani sabon bugu na Windows 95. Kusan kowace na'ura na karanta ta: rediyon mota, talabijin, kyamara, injin buga takardu. Shi ya sa masu tura waƙoƙi da fina-finai a kile da katin waya suka saba da ita. Matsalarta ita ce ba ta karɓar fayil guda da ya kai giga 4. Masu haɗa bidiyon biki sun san wannan ciwon kai: kile na da sarari mai yawa, amma kwamfuta ta ce fayil ɗin ya yi wa tsarin girma.

NTFS ta zo a 1993 tare da Windows NT 3.1. Tana ɗaukar manyan fayiloli, tana bambanta wanda ke da izinin buɗe wane dosiye, kuma tana da wani ƙaramin littafin tuni inda take rubuta abin da za ta canza kafin ta canza shi. Wannan na da amfani sosai inda wuta ke ɗaukewa ba sallama, domin idan kwamfuta ta mutu a tsakiyar aiki, tana duba littafin tunin ta daidaita rajistarta. Ba ta dawo da rubutun da mutum bai adana ba, amma tana rage yiwuwar ɗakin gaba ɗaya ya rikice. A zamanin Windows XP ana iya saka manhajar a kan FAT32, amma tun daga Windows Vista sai a kan NTFS kawai.

exFAT ta fito a 2006 don kile da katunan ajiya. Ba ta da iyakar giga 4, kuma da ita katunan da suka wuce giga 32 ke fitowa daga masana'anta. Windows, kwamfutocin Apple da Linux duk suna karanta ta suna kuma rubutu a kanta, sai dai tsofaffin rediyoyin mota da talabijin da yawa ba su san ta ba. Ba ta da littafin tuni, don haka fizge kile ba tare da an sallame ta daga kwamfuta ba na iya rikita ta.

Saƙon da ke jawo asara

Masu gyara kan saka Windows ne daga kile da suka shirya, galibi da wata manhaja ta kyauta mai suna Rufus. Lokacin shirya kilen, Rufus na tambaya ko don MBR ake so ko don GPT. Idan aka tayar da kwamfuta da kilen ta hanyar UEFI alhali faifanta MBR ne, da an zo wajen zaɓen ɗakin da za a saka Windows sai saƙo ya fito, da Faransanci ko Ingilishi, cewa ba za a iya saka ta a wannan faifai ba saboda taswirarsa MBR ce, kuma a wannan tsari sai GPT.

A nan ne ake yin kuskuren. Hanyar da aka fi yaɗawa tsakanin masu koyon gyara ita ce a buɗe baƙin allon umarni, a shiga diskpart, a zaɓi faifai, a rubuta clean, sannan convert gpt. Saƙon kan ɓace nan take, aiki ya ci gaba. Amma umarnin clean ba ya aiki a kan ɗaki ɗaya. Taswirar faifan da aka zaɓa yake sharewa baki ɗaya, da C da D da duk wani ɓangare da ke ciki. Haka ma wanda ya bi ɗakunan ɗaya bayan ɗaya yana danna maɓallin sharewa a allon saka Windows, sakamakon ɗaya ne.

Akwai haɗari na biyu. A cikin diskpart, da lamba ake zaɓen faifai: 0, 1, 2. Idan mai kwamfuta ya kwafe takardunsa a faifan waje amma aka bar shi jone, kuskuren lamba ɗaya ya isa a share wurin da aka kai kayan gudun hijira.

Hanyoyin da ba sa cin takardu

Saƙon nan na da magani fiye da ɗaya. Idan Windows 10 ce za a mayar, ana iya sake tayar da kwamfutar ta tsohuwar hanyar BIOS, ko a shirya kilen don MBR, sai a goge C kaɗai a bar D yadda yake.

Idan kuwa lallai sai an koma GPT saboda Windows 11, Microsoft ya saka wani ɗan kayan aiki mai suna MBR2GPT a cikin Windows 10 tun bugun 1703 na shekarar 2017. Yana sauya taswirar faifan da Windows ke kai ba tare da ya share abin da ke ciki ba. Yana da nasa sharuɗɗan: kada manyan ɗakuna su wuce uku, kuma kada a samu irin ƙananan ɗakunan da ake yankawa cikin wani ɗaki. Yana kuma da umarnin da ke fara duba faifan ya faɗi ko zai yiwu kafin a taɓa komai. Bayan an gama, sai a shiga saitin kwamfuta a mayar da ita tashi ta UEFI, in ba haka ba za ta ƙi tashi, mai ita ya ɗauka ta lalace.

A ɓangaren rajista ma haka ne. Ɗakin da ke kan FAT32 ana iya mayar da shi NTFS da umarnin convert na Windows, fayiloli na nan a wurinsu. Sai dai tafiya ce ba dawowa: Windows ba ta da umarnin da zai mayar da NTFS zuwa FAT32, ko ya kai shi exFAT, sai an goge ɗakin.

Akwai kuma zaɓin saka Windows a kan C ba tare da an goge shi ba. A irin wannan hali manhajar na tattara tsofaffin kaya a wani dosiye mai suna Windows.old, inda mutum zai iya kwaso takardunsa. Bai kamata a yi sanya ba, domin idan sabuntawa aka yi, Windows kan share wannan dosiye da kanta bayan kwana 10.

Duk waɗannan hanyoyi na da maƙiyi guda: ɗaukewar wuta. Kwamfutar hannu da batirinta ya mutu, ko ta tebur da ba ta da akwatin riƙe wuta, idan ta mutu ana tsakiyar sauya taswira ko rajista, faifan na iya tsayawa tsakanin tsari biyu, ba tsoho ba sabo. Shi ya sa ko hanyar da ba ta goge komai ba a bin ta sai an kwafe kaya tukuna.

Masu komawa Linux

Kwamfutocin da ba su cika sharuɗɗan Windows 11 ba, wasu na saka musu Linux, kamar Ubuntu ko Linux Mint, waɗanda kyauta ne kuma suna tafiya a kan tsofaffin injuna. Su nasu tsarin jera fayilolin galibi ext4 ne, wanda aka kammala a ƙarshen 2008, shi ma yana da littafin tuni. Lokacin saka su, ɗaya daga cikin zaɓin farko da allo ke nunawa shi ne a share faifai duka a saka Linux. Wanda ya danna wannan ya yi daidai da wanda ya rubuta clean.

Linux na karanta NTFS tana kuma rubutu a kai, don haka tsohon D na iya zama yadda yake, a ci gaba da amfani da shi. Windows ce ba ta karanta ext4 da kanta. Idan aka jona mata faifan waje mai ext4, wani lokaci takan ce sai an goge shi kafin a yi amfani da shi. Faifan lafiyarsa ƙalau, harshensa ne ba ta ji. Wanda ya amsa mata da eh ya share kayansa da hannunsa. Mai aiki da manhajojin biyu, ya fi masa sauƙi ya ajiye takardunsa a ɗakin NTFS, ko a faifan waje mai exFAT.

Idan mai aukuwa ta riga ta auku

Umarnin clean da gogewar gaggawa ba sa bin faifai su shafe kowane fayil. Taswira ko rajista kawai suke jefarwa, kayan na nan kwance a sito har sai an ɗora wani abu a kansu. Saboda haka mataki na farko shi ne a kashe kwamfutar nan take. Kowace manhaja da aka ƙara, kowane fim da aka tura, har ma barin Windows tana sabunta kanta, duk rubutu ne a kan wurin da tsofaffin takardu ke kwance.

Mai gyaran da ya san aikinsa kan cire faifan ya jona shi a wata kwamfuta, ko ya tayar da kwamfutar daga kile, sannan ya yi bincike. Akwai manhajoji biyu na kyauta da wani Bafaranshe mai suna Christophe Grenier ya rubuta: TestDisk, wadda ke neman ɗakunan da suka ɓace daga taswira, da PhotoRec, wadda ke tsinto fayiloli ɗaya-ɗaya ta hanyar gane siffarsu, ko da yake ba ta dawo da sunayensu na asali. Tunda sabuwar Windows kan zauna ne a farkon faifai, inda tsohon C yake, sau da yawa D da ke can ciki na da sauran rabo. Duk abin da aka tsinto, a wani faifan daban ake zuba shi.

Wurare uku ne fata ke raguwa ƙwarai. Na farko, idan cikakkiyar gogewa aka yi, domin tun daga Vista irin wannan gogewa na bin ɗaki ta rubuta sifili a ko'ina. Na biyu, idan faifan SSD ne, wato sabon nau'in da ba ya juyawa, saboda Windows na sanar da shi wuraren da aka daina amfani da su, shi kuma ya share su da kansa cikin ɗan lokaci. Na uku, idan faifan na kulle da BitLocker, wanda sai da mabuɗinsa mai lambobi 48 ake buɗe shi. Sabbin bugun Windows 11 na kunna wannan kulle da kansu a kwamfutoci da yawa idan aka shiga da asusun Microsoft, kuma a cikin asusun ake ajiye mabuɗin. Idan mai gyara ya buɗe asusun da adireshinsa don ya gama aiki da wuri, mabuɗin kwamfutar mutum ya koma hannun wani.

Ɗaya gefen matsalar

Wannan hali na gogewar gaggawa, da ke ceton wanda ya yi asara, shi ne kuma ke tona asirin wanda ya sayar da kwamfuta. Mutum kan sa a yi mata formataji na minti ɗaya ya miƙa wa mai saye, yana ganin ya wanke ta. Wanda ya saya, da PhotoRec kaɗai yana iya fito da hotunan iyali, kwafin katin ɗan ƙasa da takardun banki. Nijar na da dokar kare bayanan mutane tun 2017, da kuma hukumar HAPDP mai kula da wannan fanni, don haka ofisoshi, asibitoci da ƙungiyoyin da ke riƙe da bayanan jama'a na da nauyi a kansu idan za su rabu da tsofaffin kwamfutoci. A nan ne cikakkiyar gogewa ke da amfani, ko umarnin clean all da ke rubuta sifili a faifai duka, ko zaɓin tsabtace faifai da ke cikin tsarin mayar da Windows sabuwa. Aikin na iya cin sa'o'i a babban faifai.

Kafin a miƙa kwamfuta

Ba a fafe gora ranar tafiya. Mai kwamfuta ya kwafe takardunsa a faifan waje ko kile tun yana gida, ya buɗe wasu daga cikinsu a wata na'ura ya tabbatar sun kwafu, sannan ya bar faifan a gida. Ya tuna cewa abin da ke kan fuskar allo, da dosiyen takardu, da na abubuwan da aka sauke daga intanet, duk a cikin C suke ko da yana da D. Idan kwamfutar ba ta tashi, mai gyara na iya tayar da ita daga kile ya kwafo kayan a gaban mai ita kafin a fara komai. Ƙananan takardu masu muhimmanci, irin kundin karatu da jadawalin bashi, mutum na iya tura wa kansa ta imel.

A rumfar gyara kuma, tambayoyi uku sun isa. C kaɗai za a goge ko faifan duka? Faifan MBR ne ko GPT, kuma za a sauya shi? Da asusun wa za a buɗe sabuwar Windows? Mai gyaran da ya ƙware zai amsa su cikin minti ɗaya, domin a allon kula da faifai ake ganin amsar ta biyu. Shi ma ribarsa ce ya ajiye faifan waje guda don kwafe kayan abokan ciniki, ya faɗi kuɗin wannan aiki daban, ya kuma ɗaga waya ya kira mai kaya duk lokacin da saƙon MBR ya fito, kafin ya rubuta clean.